Tulun da Sittana ta bari a rabin hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Lahadi, sha biyu ga Zulhajji na shekarar 1438, ana tsakiyar shagalin Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Hajja Sittana 'yar Hamad a gidanta da ke Karima. Ni Madina, maƙwabciyarta, ni na fara ganinta. Na shiga karɓo aron turmi, na tarar da ita a jingine da bango a kan darduma, carbi a hannu. Na yi mata magana sau biyu kafin jikina ya ba ni.

Na jinkirta wannan rubutu har aka kusa sadakar arba'in, don ban so in yi shi cikin fushi ba. Fushin ya ƙi tafiya, sai na haƙura na rubuta da shi.

Sittana, duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san bukukuwan shekara ta bakin kofinki. Tun watan Sha'aban kike tara mata a tsakar gida ana tuƙa hilu-mur, wannan abin shan azumi na tsiron dawa mai zaƙi da ɗaci, hayaƙi na cin idanunmu kina yi mana tsiya. Ranar ƙaramar Sallah zobo ne da ruwan kuka. Da Mauludi tsamiya. Amma abin da ya fitar da sunanki shi ne sharbot na Babbar Sallah: dabino da citta da kirfa da ɗan tsiron dawa, a jiƙa a tulu, a tace, a sha bayan an ci nama don ya kwantar da ciki. Masu kwale-kwale a bakin kogi suna da jarkarsu. Direbobin da Sallah ta riska a tasha suna da tasu. Ba ki taɓa tambayar mutum ɗan wane ne kafin ki miƙa masa kofi ba.

Ni kuwa kowa ya san halina, ba na yarda da mutum da wuri. Shekarar da aka kawo ni unguwar nan amarya, kika miƙo mini sharbot, na tsaya ina sunsunawa, domin na ji ana cewa na wasu gidajen yana kwana har ya fara juya kai. Kika dube ni kika ce, “Ke amarya, a garinku da hanci ake sha?” Kika ja ni har gaban tulun, kika sa na kara kunnena a jikinsa. Shiru. Kika ce muddin tulu ya yi shiru, abin da ke ciki halal ne. Da ya fara ƙus-ƙus yana kumfa, to ya fara magana, an gama sha. Na sa miki ido a wannan Sallar da wadda ta biyo, da ta bayanta. Ranar Sallah da washegari kawai kike bayarwa. Bayan haka ko Shehun masallaci ne ya aiko, sai ki ce ya ƙare.

Lokacin da mijina ya rasu ina takaba, azumi ya same ni a ɗaki, ba fita ba shiga. Kullum kafin kiran magariba sai na ji takunki, ki ajiye mini kwanon hilu-mur mai sanyi, ki zauna mu sha ruwa tare ki bar naki iyalin suna jira. Ba ki taɓa ce mini in yi haƙuri ba, labarin rigimar awakinki kawai kike ba ni har in yi dariya ban shirya ba. Wannan ba zan manta ba har in tarar da ke.

To, ga abin da ya faru a bayanki, tunda ba ki nan balle ki kare kanki.

Ana cikin zaman makoki, mako ya zagayo, gida cike da mutane, sai Tajussir, ɗan wan marigayi mijinki, ya fito daga ɗakin ajiya yana toshe hanci. Ya ɗaga murya yadda har mazan da ke rumfar waje za su ji, ya ce, “Jama'a, ku zo ku ga abin da matar Baffa take ba mu muna sha da sunan Sallah!” Ya jawo tulun har tsakar gida, ya cire ƙyallen bakinsa. Ba zan yi ƙarya ba, warin ya tashi, kuma warin giya ne. Mata suka fara salati, wasu suka ja mayafi suka rufe baki. 'Yarki Ikhlas, wadda ta taso daga Atbara da jin rasuwarki, tana tsaye da faranti a hannu, a kan idonta aka yi komai.

Na ce, “Kai Tajussir, ranar Sallah kofi nawa ka ɗaga bayan ka cika cikinka da hanta? Da abin buguwa ne ai da mun ga rawarka.”

Ya ce, “Inna Madina, to wannan fa? Zamzam ne?”

Na ce, “Khal ne, ruwan tsami, bai ƙarasa ba. Ragowar sharbot take ajiyewa ya yi tsami da kansa.”

Ya yi dariya ya ce, “Duk wanda aka kama da giya ai khal yake yi.”

Gaskiya na faɗa, Allah shi ne shaida. Ke ba ki iya zubar da dabino ba, kina cewa bishiyar ta sha wahala kafin ta haife shi. Kowace shekara sai ki ɗaure bakin tulun da ƙyalle, ki tura shi bayan buhuna, ki manta da shi har ya wuce matakin da ba a so ya zama khal mai kyau. Ba ki yi shelar haka ba domin kin san bakin mutanenmu. Mutuwa ce ta zo tulun yana rabin hanya, aka buɗe shi a ranar da ke da kanki ba ki taɓa buɗewa ba.

Yanzu ni ma ina da tambayoyina, kuma zan rubuta su. Tajussir ya ce gadon igiya ya shiga nema don baƙi. Gadajen gidanki duk an fitar da su tun ranar farko, da hannuna na ƙirga wa masu ɗauka. Tulun yana can ƙuryar ɗaki, sai an kawar da buhunan dabino kafin a gan shi. Wane gado ake nema a ƙarƙashin buhu? Me ya sa bai kira Ikhlas gefe ba, sai da ya jira gida ya cika? Kuma me ya sa tun kafin a share makoki aka gan shi a bakin kogi yana zagaya bishiyoyin dabinonki, yana ɗaga kai kamar mai neman wata? Ban ce ya shirya ba. Abin da idona ya gani na faɗa. Na dai san idan kunya ta kori Ikhlas ta koma Atbara ba waiwaye, ba za a rasa mai kula da gonar ba.

Aka kai maganar wurin Shehu Dafa'allah, limaminmu. Ya ce abin da ya juye ya zama khal da kansa mai tsarki ne, amma niyyar mai tulu Allah kaɗai ya sani. Wannan “amma” ɗin ban san inda ya samo ta ba, mutumin da yaransa suka girma da jarkarki. Daga ranar farantin abincin sadakarki da muke aikawa ya fara dawowa daga wasu gidaje ba a taɓa ba. Waɗanda suke aiko yara da kofi tun kafin a sauko daga Idi, su ne yanzu suke cewa da ma sun daɗe suna jin wani iri.

Duk wannan da sauƙi, Sittana. Abin da ya hana ni barci shi ne Ikhlas. Ta tafi makarantar kwana tana ƙarama, daga can aure, ba ta san ƙuryar ɗakinki ba. Na same ta tana wanke kofunanki da toka, tana sake wankewa, har hannunta ya yi ja. Ta daina cewa “Ummata”, sai “marigayiya”. Ta ce mini da an yi arba'in za ta rufe gidan. Wata rana ta ɗauko taɓarya za ta fasa tulun, na tare ta, ta dube ni ta ce, “Inna, don girman Allah, ba rufa mata asiri kike yi ba?” Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauke tulun na kai ɗakina, na mayar masa da ƙyallensa. Aka ce Madina ta gaji sana'a. Na san ko ya zama khal masu magana ba za su rasa ta cewa ba, kuma ba don su na ajiye shi ba.

Jiya da hantsi na kira Ikhlas. Ta zo tana jan ƙafa, ta tsaya a bakin ƙofa. Na kwance ƙyallen tulun. Tsamin ya bugi ɗakin har idona ya kawo ruwa. Ta matso, ta sunkuya, ta daɗe a haka. Sai ta tsoma gefen mayafinta a ciki, ta matse, ta ɗora a goshinta, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, “Wannan ne. Duk lokacin da zazzaɓi ya kama ni, da wannan take jiƙa tsumma ta ɗaure mini kai, ta kwana tana sauyawa. Ban taɓa tambayarta inda take samu ba.” Daga nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, tana kiran Ummata, Ummata. Na bar ta ta yi mai isarta, ni ma ina nawa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Sittana 'yar Hamad. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta shayar da mai azumi da matafiyi da mai takaba, ka shayar da ita daga Alkausara, shan da babu ƙishi a bayansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ikhlas da mijinta da 'ya'yanta, da dangin Hamad na nan da na nesa, da mutanen unguwa, masu karɓar faranti da masu mayarwa. Har Tajussir ina yi masa, tunda shi ma ya yi rashi ko bai sani ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Da Ikhlas ta share hawayenta, na ce ta bari duhu ya yi in sa a mayar mata da tulun gida. Ta ce a'a. Ta naɗa gammo, ta aza shi a kanta, ta jira daidai lokacin da maza suke fitowa daga sallar la'asar, ta bi ta tsakiyar titi da shi. Da ta zo gaban masallaci ta tsaya, ta gaida Shehu da Tajussir cikin ladabi, ta ce duk mai buƙatar khal ɗin Ummata ya aiko da kwalba, tana gida.