Oba-obar da Sallau ya gyara

Shekara talatin Sallau yana gyaran rediyo a kasuwar Maradun, rumfarsa na jikin tawa ta ɗinki. Mutum ne mai surutun tsiya. Kullum sai ya faɗa mana abin da tsohon maigidansa ya koya masa: wai taurarin nan da ke yankowa su ƙone suna barin ƙurar ƙarfe can ƙololuwar sama. Ƙurar kan taru ta shimfiɗu kamar faifai, muryar rediyon wata ƙasa ta buge ta, ta faɗo mana nan. Mukan yi masa dariya.

Wata ranar kasuwa da hantsi, farkon damina, 'yan sa-kai huɗu suka tsaya a rumfarsa da bindigogi. Shugabansu Gajere ya dangwarar da oba-obar da Sallau ya gyara musu jiya, 'yar rediyon hannu da suke kiran juna da ita.

"Tun da sahe muna jin baƙin muryoyi ciki, da wani yare. Wa ka haɗa mu da shi? Mutanen daji?"

A nan, wanda aka kira mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba ya kwana. 

"Wallahi ba ni na ba, sama ta," in ji Sallau. "Kowace rediyo na kama su yanzu. Ku tsaya ku ji."

Ya kunna tasa, ya murɗa, ya sake murɗawa. Shuuu kawai. Abin dama zuwa yake ya wuce, ba ya jiran kowa. Ɗaya daga 'yan sa-kan ya kwance igiya daga bayan babur, suka ɗaure masa hannuwa.

Sai Marka mai tuwo ta keto taron, tana ɗaga 'yar rediyonta da ke ta zuba wani yare.

"Gajere, wagga hannun Sallau bai taɓa ta ba, sabuwa ta. Ni ma sai ka ɗaure ni!"

Gajere ya kara ta a kunne, ya daɗe. Sannan ya ce a kwance Sallau, ko haƙuri bai ba shi ba.

Sallau na nan yana gyara, amma ya daina ba mu labarin taurari. Ni kuwa da na fi kowa jin bayanin nan, ranar kaina na sunkuyar a kan keken ɗinki, ban ce uffan ba. Har yau kunyar gaishe shi nake ji.