Telan da Aka Yi Karatu a Idonsa

Shi dai tela ne, kuma ba na wasa ba. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, keke ɗaya, benci ɗaya, sai ƙyallaye ko'ina kamar an yi faɗa. Da tsufa ya fara leƙowa, kafar allura ta soma ɓuya masa. Matarsa ce ta koma zura masa zare, tana yi tana mita.

Ya tafi asibitin ido, inda likitocin da suka riga suka zama likitoci ke komawa su ƙaro karatu. Babban likita ya sa shi ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya haska, sai ya ƙwala wa ɗalibansa kira. Wai ciwon can bayan ƙwayar idon yake, irinsa sai an tona. Suka yi layi suna leƙawa kamar an ga jariri a rijiya.

Tela ya koma gida yana fara'a.

"Ke, yau likitoci sun fi goma a kaina. Waraka ta zo."

"Malam, ungulu ma taruwa take yi," in ji ta. "Miƙo allurar."

To, ga yadda aikin gidan yake. Ɗalibi ya zo ya san idon tela ciki da waje, ya rubuta bincikensa, ya karɓi takardarsa, ya ƙara gaba. Sabo ya zo da farar riga mai ƙamshin kanti, ya ja kujera: "Baba, yaushe abin ya fara?" Tela ya sake ɗauko labari daga tushe. Kalli sama, kalli ƙasa, kar ka ƙifta. A ɗiga masa magani, ya fito rana tana sukarsa, yana lalube bango. Har masu shara suka raɗa masa suna Baba Allo, tunda a kansa ake koyon karatu. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba, don a ganinsa mai neman alfarma ba ya tsawaita baki.

Haka shekaru suka yi ta ja. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, bayan ya haɗa wa wani hannun riga a baibai.

Ran nan aka ba shi wata likita ƙarama mai gajeren haƙuri da doguwar gaskiya. Gajiya ta sa ya yi ƙundunbala.

"'Yata, yaushe zan ga kafar allura?"

Ta ajiye biro. "Baba, ba wanda ya gaya maka?"

"Kowa ce min yake in dawo."

"An gaya wa juna dai, an zaci ka ji. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Maganin yana riƙe ragowar ne. Binciken kuma na waɗanda za su zo bayanka ne."

Ya jinjina kai, ya yi godiya, ya lalubi takalminsa.

A gida ya ce a rufe keken da zane. Matar ta ɗauko zane ta lulluɓe shi.

Da ranar asibiti ta zagayo, sai ga shi yana zura riga.

"Ina kuma, Malam?"

"An kawo sababbin ɗalibai," ya ce. "Ido dai ya ƙi ɗinki. Bari ya je inda ake son sa. Riƙe min hannu, rana ta yi."