Agogon Hannuna Ya Raba Dattijo Da Aikinsa

A lokacin da abin nan ya faru shekarata biyu a Jidda, ina aikin wayarin mota a warsha, wato garejin kafilina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, da ke unguwar Mahjar. Ina ji da kaina ba kaɗan ba, gani nake babu wayar da za ta gagare ni. Wanda ya samo mini aikin wani dattijo ne haifaffen unguwar Sa'alaba, jikan alhazan da suka zo daga Kano a ƙafa, ya fi shekara ashirin yana tuƙa kafilin namu. Baba nake ce masa. Kullum sai ya tsokane ni a kan agogon hannuna, don na bar shi a kan lokacin Najeriya saboda kiran iyalina. Yakan ce gangar jikina ce kawai a Jidda, ragowar tana can gida, baya da awa biyu.

Kafili yana da karafan, irin motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, da ita yake fita sahara farauta da shahonsa, tsuntsun da yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. A bakin ƙofarta akwai allon da ake taɓawa da yatsa, shi ke kula da fitilu da janareto da na'urar sanyi. A bayan allon akwai wani ɗan batir kamar kwabo, aikinsa riƙe lokaci idan an cire babban batir. Ana jibi tafiya allon ya nuna ɗan batirin ya yi sanyi, aka ce in canza. Aikin minti goma ne. Na kwance notuna huɗu, na zaro tsohon, na sa sabo. Da allon ya kawo sai ya nemi a saita masa lokaci, ni kuwa ina ta surutu da abokan aiki, na kalli hannuna na danna abin da na gani, na ɗaure na yi gaba.

Da kafili da Baba suka isa sahara suka fita da sassafe duba wurin farauta a ƙaramar mota, suka bar shahon a cikin karafan a rufe. Baba ya saita na'urar sanyi ta tashi da ƙarfe goma, kafin rana ta yi zafi. Ba ta tashi ba sai sha biyu. Da suka dawo bayan azahar sun tarar ɗaki da sanyi, tsuntsu kuwa ya mutu. Kafili ya ce Baba ne ya yi kuskure wajen saitawa, tsufa ya fara taɓa shi. Baba ya rantse goma ya sa.

Washegarin dawowarsu gari aka kira ni in duba, su biyun suna tsaye a waje. Ina ɗaga kai na ga lokacin allon ya yi daidai da na hannuna, minti bai bambanta ba. Nan na gane lokacin Najeriya na sa masa. Na tuna iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kafili take, na tuna 'ya'yana, sai na sa yatsa na gyara lokacin a ɓoye, na fito na ce na'ura lafiyarta ƙalau. Baba ya dube ni. Kafili ya ce halas, shi ke nan, Baba ya ajiye makulli.

Wata uku ina kauce wa Sa'alaba kamar mai wuta. Ranar da na kasa jurewa na je, na same shi a ƙofar gida yana shan shayi, na durƙusa na faɗa masa komai. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce tun a sahara, da suka dawo ya ga allon, ya san agogon wa aka kwafa. Ya yi shiru ne don shi yana da takardun ƙasa, ko an kore shi a gidansa zai kwana, ni kuwa jirgi za a sa ni. Abin da ya yi masa ciwo, in ji shi, da ya zaci ko bayan kafili ya tafi zan biyo shi in ce Baba yi haƙuri. Sannan ya zuba mini shayi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga baya na faɗa wa kafili gaskiya. Ya yi faɗa, bai kore ni ba, amma ya riga ya ɗauki sabon direba, Baba kuma bai sake tuƙi ba. Wato abin da na ji tsoro bai same ni ba, shi ne ya biya.

Kuskuren batir kowa na iya yi, ban zargi kaina da shi sosai ba. Yatsan da na sa na goge shaida shi ne yake hana ni sukuni. 'Yan'uwana masu aikin hannu, komai ƙanƙantar aiki ku duba shi sau biyu, in kuma kun ɓata ku faɗa a take, kafin a ɗora wa wanda ya rufa muku asiri. Agogona yanzu yana kan lokacin Jidda, amma duk sanda na kalle shi Baba nake gani yana miƙa makulli.