Dattijon da Ke Gaida Kifi

A gidan kifayen kallo na Lyon, wani dattijo ya manna goshi a gilashi, babbar riga na leƙowa ƙarƙashin rigar sanyinsa. Da Hausar Damagaram yake gaida wani ƙaton kifi: "Ina baƙunta? Ya sabon wuri?"

Dariya ta kuɓuce mini. Ya juyo yana washe baki: "Ɗiyata, rushe gidan kifayen nan aka yi can bakin teku, aka kwaso su nan. Daga Paris na zo gaishe su!"

Wataƙila dā shi ke ciyar da su. Kifin ya nufo mu, dattijo ya hau tafi har hularsa ta faɗi: "Ya gane ni!"

Ina kallon ma'aikaciya tana zuba abinci daidai samanmu. Na ce, "Wallahi, Baba, ya gane ka."