Bakaniken da Ke Jin Inji da Haƙora

Yana tsaye a bakin gareji, gajeren dattijo mai furfura, baƙin mai ya zauna daram a faratansa. Wataƙila ƙarar injuna ce ta cinye masa kunne.

Mai motar yana yatsina fuska, yana tambayar mutane: "Yanzu kurma ne zai gano min ƙarar nan?"

Dattijon yana kallon leɓensa, kuma sarai ya gane. Sai ya kafa doguwar sifana a jikin injin, ya cije ɗaya ƙarshen da haƙora, ya lumshe ido. Jijjigar tana ratsa muƙamuƙinsa.

Ya ɗago, ya ɗaga murya: "Kashe ta, yallaɓai, famfon ruwa ne. Wata nawa kana yawo da kunnuwanka biyu, me suka gaya maka?"