Na Kai wa Kawu Littafi Argungu, Na Komo da Abina

Ana kiran sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Badariya muka fito, ni da maigidana, ranar Asabar ɗin da ta wuce. A jakata akwai abu biyu da yayana ya aiko daga Jos: Littafi Mai Tsarki na nazari, irin mai sharhi a ƙasan kowane shafi da taswirori a baya, sai faifan kwamfuta mai ɗauke da wannan littafin dai, ba ragi ba ƙari. A wasiƙarsa ya ce in zaɓi ɗaya, in kai wa kawunmu da ke Argungu ɗayan.

Ni zaɓin bai ba ni wahala ba. Aikin buga takardu nake yi a sakatariya, kuma tun da aka kawo mana kwamfuta nake jin kaina wata aba. Faifai nawa, littafi na tsoho. Na ɗauko faifan ne kawai don Kawu ya ga inda duniya ta kai.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya ƙaru, wai mai ya yi wuya. Maigidana ya ɗan yi ciniki don kada a ce bai yi ba, muka shiga. Mu huɗu a baya, littafin nan bisa cinyata kamar na rungumi dutsen niƙa. Wata mata da ke kusa da ni ta taɓa jakar ta tambaya ko gishiri ne na ɗauko. Da muka wuce Ambursa gari ya waye sosai, fadama ta buɗe, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Masu albasa sun jera buhuna a bakin hanya, direbanmu kuwa duk wanda ya gani sai ya rage gudu sun gaisa. Da alama ba wanda bai sani ba tsakanin Birnin Kebbi da Argungu.

Da hantsi muka isa. Kafin mu shiga gari na tsaya wurin masu kifi, domin ba a zuwa Argungu a shiga gidan mutane hannu rabbana. Tarwaɗar da a kasuwarmu sai ka yi tunani sau biyu kafin ka taya, a nan araha kamar a mafarki, har mai kifin ta yi mini gyara da ƙanana uku.

Kawu mutumin Zuru ne, amma koyarwa ta kawo shi Argungu tun yana saurayi, har harshensa ya koma na Kabawa. Ya yi ritaya, kuma shi ke bi da nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'arsu kowace Laraba. Mun same shi zaune a zaure. Sai da na yi magana ya ce, "A'a, ɗiyata, ke ce? Kun zo lahiya?"

Bayan gaisuwa na miƙa masa littafin da hannu biyu. Ya karɓa, ya auna nauyinsa, ya shafa bangon, ya buɗe ya shinshina. Ya yaba takardar, ya yaba ɗinkin, ya sa wa yayana albarka. Sa'an nan ya rufe ya ajiye kusa da shi. Kawun da na sani, wanda ko takardar ƙunshin ƙosai ya tsinta sai ya karanta, bai karanta ko layi ɗaya ba.

A madafa, muna gyaran kifi, Inna matarsa ta gaya mini gaskiya. Yanar ido ce ta rufe masa gani, shekara biyu ke nan. A asibiti an ce za a yi aiki, amma da saura. Ranar Laraba yakan buɗe tsohon littafinsa a gaban jama'a ya karanta da ka, mutane na zaton gani yake yi. Yanzu abin ya fara damunsa, yana ganin kamar yaudara ce, har ya yanke shawarar ajiye koyarwar ƙarshen wata. Ta ce, "Babban rubutu shina gani, irin na allon shago. Wanga ƙarami kam, sai dai ki ce tururuwa."

Na tsaya da wuƙa a hannu. A ofis, idan shugabanmu ya manta tabarau, ƙara masa girman rubutu nake yi a kwamfuta. Na tambayi Inna ko akwai mai kwamfuta a kusa. Ta ce ai maƙwabcinsu Alhaji Umaru, manomin shinkafa, ya buɗe shagon buga takardu a bakin titi bara.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ɗan ji nauyin rabuwa da kasona. Faifan nan na riga na gaya wa duk 'yan ofishinmu labarinsa.

Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka rankaya shagon. Babu wuta, kamar yadda kuka sani. Alhaji Umaru, dogon dattijo mai farin gemu, ya ji abin da ke tafe da mu, ya ce, "Don Malam? Shi fa ya koya ma ɗiyana karatu, su biyar." Da kansa ya tada janareta, sai a ja na huɗu ta kama. Na sa faifan, na buɗe Zabura, na yi ta ƙara girman rubutun ina tambayar Kawu. Ya ce da saura. Na ƙara. Ya ce da saura. Da kowane harafi ya kai kamar babban yatsa, sai ya matso da kujera.

Ya fara karantawa a hankali, yana bi da yatsa a kan gilashin. Na yi tsammanin ko haddar ce, sai na gangara zuwa sharhin, wanda bai taɓa gani ba. Ya karanta shi tas. Da ya kai tsakiya ya tsaya ya ce, "Wanga mai sharhi bai gane wurin ga ba." Inna ta kwashe da dariya tana share ido da gefen mayafi, ta ce to, maigida ya warke, tunda ya fara gardama.

Alhaji ya ce kowace safiya kafin masu buga takardu su zo, kujerar ta Malam ce. Sai kuma ya sassauta murya ya tambaye ni ko ana samun irin wannan faifai na tafsiri, domin shi ma idon ya fara yi masa rowa. Na yi masa alkawarin zan tambaya. Sauran yinin na ƙare shi ina koya wa dattawan biyu maɓallai huɗu, na zana su da girma a kwali muka manna a bango. Kawu ya riga Alhaji ganewa, kuma bai bar shi ya manta da haka ba.

Da la'asar, da za mu tafi, Kawu ya ɗauko littafin ya ɗora mini a hannu. "Tahi da shi, ke da ke da ido. Amma ki riƙa rubutu a gefe, in na zo in ga ko kina karatu." Faifan kuwa na bar masa. Inna ta haɗa mu da ƙullin busasshen kifi, Alhaji ya aiko da shinkafa. Zancen ajiye koyarwa kuwa ba wanda ya sake tada shi.

Mun shigo Birnin Kebbi ana shirin magariba. Tun daga ranar littafin yana kan teburin falo, kuma na lura maigidana, wanda ko kusa da kwamfuta ba ya zuwa, ya fi ni buɗe shi. Na tafi da tabbacin cewa takarda ta tsofaffi ce, na'ura ta 'yan zamani. Ashe ban tambayi kowa abin da yake bukata ba, shekarunsa kawai na duba na yanke masa hukunci. Jiya wani direba ya kawo mini saƙo daga Argungu, takarda guda da rubutu manya-manya, a karkace. Kawu ne da hannunsa. Ya ce ranar Laraba ya gaya wa jama'a gaskiyar idonsa, sa'an nan ya koyar da su awa biyu, har sai da Inna ta yi masa tari.