Lamba Ɗaya

Wata safiyar Asabar ce ta bazara, shekarar da nake aji shida na firamare, saura mako guda a ba mu hutu. Baba ya fito ƙofar gidanmu da ke can ƙasan gangare a Ƙofar Dundaye, ya ce a wannan hutun zai tafi da mutum ɗaya, ni ko ƙanena Bello, in ya tashi kai albasa Kudu. Wurin mutum ɗaya ya rage a gaban mota. Bai faɗi wanda zai ɗauka ba, ya dai ce mu je mu ɗebo wa Inna ruwa, ya ja benci ya zauna yana kallon hanya. Ni kuwa a raina magana ta ƙare. Ni ne babba, ni ne mai ƙarfi, har na fara tunanin rigar da zan sa.

Baba direban gingimari ne. In ya dawo daga tafiya, yaran unguwa kan zagaye motar suna shafa tayoyi, mu kuma mu zauna gefen tabarmarsa mu sha labarin Hawan Kibo, inda hanya ke zubowa daga kan dutse tana murɗawa. Mu da muka tashi a Sakkwato ba mu san wani tudu ba sai na unguwarmu. Amma duk labarin nan fuskar Bello yake kallo. Ni ɗan fari ne, kunyata yake ji, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga," shi ne nawa. Sunan Bello kuwa sau goma a wuni. Inna kan ce ai haka ake yi, ba ƙi ba ne. Na sani, amma sanin bai taɓa rage mini zafin ba.

Bello kuma, don Allah, me ya fi ni? Yaro ne mai sanyin jiki. In muna langa shi ake fara kayarwa, in an aike shi sai miya ta huce. Da na ji Baba ya ce giyar da ta fi kowace jan jiki a mota ita ce lamba ɗaya, sai na laƙaba masa. Lamba Ɗaya ya bi shi har makarantar allo, ni kuwa ina jin daɗi.

Famfon da muke ɗiba yana can sama bakin titi. Muka ari kura biyu wurin masu ga-ruwa, kowa ya jera jarkokinsa ya cika. Da ma mu yara mun saba, in za a sauko sai ka sake wa kura hannu ta kwasa, ka rataya a bayanta kana jan silifas a ƙasa don rage gudu. Ranar ban tsaya ba. Na san Baba na kallo, na ce yau zai ga wanda ya iya tuƙi. Tun daga sama na ba ta wuta. Da farko daɗi, iska na kaɗa mini riga. Da na zo tsakiya na danna ƙafa, na yi ta dannawa, tafin ƙafata ya ɗau zafi, kura ko a jikinta. Sai silifas ɗaya ya tsinke. Kura ta ƙwace, ta bar hanya, ta kife a kwata kusa da ƙofar gidanmu. Jarka biyu suka fashe, gwiwata ta ɗaye.

Ina zaune cikin caɓi sai ga Bello. Ashe shi tun a sama ya tsaya ya ɗaure jarkokinsa da igiya, ya juya kurar, ya shiga gabanta ya tokare da baya, yana saukowa taki ɗaiɗai. Ya ɗauki lokaci har wata tsohuwa ta wuce shi. Ko ɗigo bai zubar ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya tsinto silifas ɗin, ya miƙo mini ya ce in sunsuna. Warin ƙonanniyar roba ne. "Haka birki ka wari in ya kusa ƙin ci," in ji shi. "Wanda yab bari mota tak kwasa tun sama, ƙafa ba ta tsai da ita ƙasa." Ya juya ya tambayi wani yaro me muke ce wa Bello. Da aka faɗa masa ya yi dariya. "Lamba Ɗaya? Ai da ita aka sauka dutse. Bello, shirya kayanka."

Sunan da na ƙirƙira don in ƙasƙanta shi, shi Baba ya ɗauka ya naɗa masa. Ranar tafiya na ƙi fita rakiya, na ɓuya bayan rumbun Inna ina jin ƙarar injin har ta ɓace. Kwana tara suka yi. Kullum ni ke ɗebo ruwan mutum biyu, ina tura kura ina addu'ar Allah ya sa Bello ya yi ta amai a hanya. Allah ya yafe mini.

Bai yi aman ba. Ya dawo da abarba guda ya ce tawa ce, na ce ba na sha. Da la'asar yara suka kewaye shi, na zauna nesa ina gyaran wani keken gwangwani da ba abin da ya same shi, kunnena duk yana can. Ya ce kafin gangaren Hawan Kibo Baba ya tsaya ya zagaya motar, ya taɓa kowace taya, ya gwada birki. Ya sa ƙaramar giya tun kafin hancin mota ya sunkuya, ya bar injin yana gurnani yana riƙe nauyin. Birki kuwa sai ya taka sosai ya saki, ya ba shi lokaci ya huce. Ƙananan motoci na ta wuce su suna hon, Baba ko waiwaye. Ya ce Baba ya hana shi ko da wasa ya taɓa sa mota a firi, wato ya cire giya, a gangare, kuma ya ce masa, "Giyad da kah hau da ita, da ita za ka sauka." Duk na haddace, na fi waɗanda suka zauna gabansa haddacewa. Da na tabbata ba mai kallo na je na yanki abarbar.

Na yi niyyar hutu na gaba in nuna wa Baba na iya. Sai aka tura ni makarantar kwana, hutuna ya daina haɗuwa da lokacin albasa, daga baya kuma ciwon baya ya sauke shi daga mota. Ban taɓa zama gaban gingimarin nan tana tafiya ba.

Yau an shimfiɗa kwalta a gangaren namu, yara ba su san jan silifas ba, ruwa a gida ake sayensa. Bello na jan tirela, shekara da shekaru bai taɓa kayar da kaya ba, kuma a tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Lamba Ɗaya. In na ji ana kiransa haka da girmamawa, har yanzu wani abu kan motsa mini, da furfurata da komai. Bara aiki ya kai ni Jos, na biyo ta Hawan Kibo a 'yar motata. Na tsaya a sama na zagaya ta, na taɓa tayoyi, na sa ƙaramar giya, na sauko a hankali ana ta yi mini hon. Da na iso ƙasa na fito na sunsuna, babu warin komai. Na daɗe tsaye a bakin hanya. Na iya, amma shekara shida ke nan da muka kai Baba makwancinsa.